Saƙon da na tura wa ƙawata

Maigidana ba mai yawan magana ba ne. Shekara shida muna tare a ƙauyenmu kusa da Yekuwa, ban taɓa jin ya kira ni da wani abu ba sai "ke". Duk rani yakan tafi Agadas aikin gini. Shekarar da ya sayo mini babbar waya, shi ya koya mini danna vokal, wato saƙon murya, tunda ban yi lakwal ba, ban iya karatu ba.

Da ya yi nisa sai bakinsa ya buɗe. Nakan hau tudun bayan rumbuna, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, in kara wayar a kunne. Wata rana a cikin vokal ya ce ya hangi wata mace ɗauke da tulu, tafiyarta irin tawa, har ya tsaya da bulo a hannu ana jiransa. Ya ce yana kewar ƙamshin hayaƙin da ke kama zanena. Sannan ya kira ni da wani suna da ba zan faɗa ba.

Daɗin ya yi mini yawa, na kasa riƙe shi ni kaɗai. A hanyar rijiya na kunna wa ƙawata, wadda muka tashi tare. Ta roƙe ni in tura mata, wai mijinta ya ji yadda ake yi. Na tura.

Kafin sati ya zagayo, muryarsa ta kai wayoyin 'yan kabu-kabu a Magariya. Mata suka riƙa kirana da sunan nan suna dariya. Yayansa ya buga masa waya, ya tambaye shi ko gini ya je yi ko waƙa.

Da maigidana ya dawo shuka na kasa haɗa ido da shi. Bai yi faɗa ba. Yana zaune yana gyara ƙotar hauya, ya ce, "Ke kaɗai na yi wa." Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, ya nemi ruwan sha.

Har yanzu yana tafiya, yana kuma aiko vokal: yaya yara, an ba awaki dusa, a gaida Inna. Ni ma nakan fara faɗa masa wani abu, sai in tuna yadda magana ke yawo, in goge.

Wayar ta lalace bara, saƙon ya tafi tare da ita. An ce yana nan a wajen wasu a tasha, amma kunya ta hana ni in nema.