Randar da Muka Ɗora wa Lasifika

Aikin duba shanu ne ya kai ni Jibiya, a shekarun da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasar nan har ƙaramin ma'aikaci irina ya fara ɗaga kafaɗa. Ni Bakano ne, ban san kowa a garin ba. Aikina in tsaya a bakin iyaka in duba garken da ake korowa daga Nijar, in buɗe baki, in ɗaga kofato, in yi allura. Da azahar an tashi, sai in koma ɗakin da na kama a bayan tasha in zauna ni da bango. Mutanen gari ba su yi mini komai ba, gaisuwarsu har da tambayar gajiya. Ni ne mai zafin rai da girman kan ɗan birni, duk wanda ya kwaikwayi maganata don wasa sai in haɗe rai. A haka na yi wata bakwai ba wanda ya zauna a tabarmata.

Da aka ba ma'aikata ƙarin albashi a dunƙule, abokan aikina suka sayi babura. Ni kuwa na je Kano na sayo jitar lantarki, da ƙaramar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, mai aiki da batirin mota, da rakoda, don tun ina makaranta nake taɓa jita. Abin hannuna bai kai akwatin lasifika ba, sai mai shago ya ba ni lasifikar tsirara, baƙin faifai da maganaɗisu a bayansa, ya ce kowane kafinta zai yi mata gida. Sai da na dawo na tuna unguwarmu babu wuta, ni kuma ba ni da mota balle batir. Jita ta zama ado a jikin ƙusa, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Wata ranar kasuwa wani direban babbar mota daga Maraɗi ya yi sallama yana neman ruwan alwala. Ya girme ni da kamar shekara goma, gajere ne, da wushirya. Motarsa na tasha tana jiran a buga takardu. Yana karɓar buta ya hango jitar ta ƙofa.

"Kai Bakano, wanga abu naka na, ko ajiya aka ba ka?"

Na ce nawa ne, cikin muryar da nake korar mutane da ita. Bai ko lura ba. Da ya idar da salla ya fita, can sai ga shi da batirin motarsa a kafaɗa, da wani dogon abu naɗe cikin buhu. Jita ce mai igiya huɗu masu kauri, wadda ake kira bes. Ya ce da ƙuruciya ya yi kiɗa da wasu samari a Yamai, kafin mahaifinsa ya ce ko tuƙi ko ya bar masa gida. Tun daga nan tana bayan kujerar motarsa, ba shi da abokin kaɗawa.

Muka haɗa wayoyi, muka ajiye lasifikar a kan tabarma. Da na taɓa igiya sai wani sauti ya fito kamar an ja gwangwani a kan siminti. Da ya taɓa tasa, lasifikar ta hau rawar sanyi tana tsalle. Raina ya ɓaci, na fara zagin mai shago har kakansa. Shi kuwa dariya yake har da riƙe ciki.

"Ba laihin mai shago ba na," in ji shi. "Ka taɓa ganin kalangu da fata kaɗai, babu icce? Ciki taka so. Tashi mu tahi kasuwa."

Na ɗauka wajen kafinta za mu, sai ya ja ni layin masu tukwane, wajen wata tsohuwa Bamagujiya da ke kawo randuna daga wajen Gangara. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, sannan ya tura kansa ciki ya yi gunji. Ni ina tsaye nesa da farar rigata ta aiki, kunya kamar in nutse. Tsohuwar ta gaji da kallo ta ce, "Ɗana, ruwa za ka zuba, ko aljani za ka aje?" Ya ce mata aljani, amma mai biyayya. Ta bakwai ya zaɓa, ya sa ni na ɗauka.

A ɗaki ya kifa bayan lasifikar cikin bakin randar, ya yanka tsohuwar robar taya ya zagaye gefen don kada iska ta fita. Ya taɓa igiya ɗaya. A ƙirjina na fara jin ta kafin kunne, har murfin kwanon da ke kan taga ya amsa. Ya ce ta cika ruri, ya ɗaga ya jefa tsohuwar rigata ciki, sai sautin ya zauna daidai. Jitata ma da ke kuka kamar sauro ta yi jiki. Muka yi ta kiɗa har aka kira la'asar.

Haka muka yi kusan shekara biyu. Duk ranar kasuwa zai shigo da kaya, ya miƙa takardu, ya kwance batir ya taho. Sauran kwana shidan ina kaɗa jita ba wuta, sautin da ko ƙadangaren bakin ƙofa ba ya tsorata da shi. Allah ya yafe mini, har addu'a nake ma'aikatan iyaka su yi nawa ranar, don ya daɗe. Ba mu cika hira ba. Ban san matarsa ba, ban san gidansa ba, ko cikakken sunansa ban sani ba, shi ma bai taɓa tambayata me ya sa ba ni da kowa ba. Ina ƙaunar mutumin nan ƙwarai, kuma ban taɓa gaya masa ko da wasa ba.

Wata rana ya zo ya ce maigidansa na maganar mayar da motar hanyar arewa, can wajen Agadas inda ake haƙar ma'adinai, amma ba a tsayar da lokaci ba. Ya ce mu ɗauki kiɗan a kaset, in ya so in bar masa ɗaya. Na ɗauko rakoda. Shi ya ce a ajiye ta gaban randa kawai. Ni kuma na ƙi. Ranar kasuwa ce, jakuna na kuka, 'yan kamasho na ihu, ni kuwa so nake ya fita tas kamar na gidan rediyo. Na ce zan ja waya daga bayan amfilifaya in soka kai tsaye a rakodar, ba abin da zai shiga sai jita.

"Bari ta ji da kunnenta, Bakano," ya ce. "Abin da randa ta hwaɗi, shi na kiɗin."

Na ce masa ni na yi makaranta, na karanta takardar da ta zo da rakodar. Ya ɗaga hannu biyu ya ce to, malam ya yi magana.

Muka fara. Mun yi nisa sai ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara biyun nan, ya buɗe baki ya kama waƙa. A nan take yake ƙirƙira, duk a kaina: Bakanon da ke gaisawa da shanu ya ƙi mutane, mai farar riga da ya ɗauko randa a ka. Muryarsa ba ta da daɗi, a dishe take, amma na yi dariya har hannuna ya suɓuce daga igiya. A cikin dariyar na tuna abin da takardar ta ce: in an soka waya, makirfon rakoda ba ya jin komai. Da na miƙa hannu na zare wayar, da shi ke nan. Amma yin hakan kamar na ce ya yi gaskiya ke nan, ni kuma bakina bai iya wannan ba. Na ce a raina mako mai zuwa ma sake.

Kafin kaset ya ƙare aka yi kiransa daga tasha, an buga takardu. Ya kwance batir ya saɓa, ya ce in ajiye masa nasa. Da ya tafi na sa kaset ɗin. Babu jaki, babu ɗan kamasho, gaskiya ne. Babu randa kuma, jitocin sun bushe ƙayau, bes ɗinsa kamar ana taɓa zaren gado. Muryarsa ko ɗigo.

Ranar kasuwa ta zagayo bai zo ba. Ta gaba ma haka. Na dinga tsayawa a bakin iyaka bayan an tashi aiki ina leƙa gaban kowace mota mai lambar Nijar. Bayan wata uku wani direba ya kawo mini saƙon baki: an mayar da shi arewa, yana gaishe da Bakano, ya ce a kula masa da aljaninsa. Na je Maraɗi sau biyu ina tambaya a tasha, amma direba gajere mai wushirya ba kwatance ba ne. Na sayi batir nawa, na kaɗa ni kaɗai sau biyu ko uku, na ji ba zan iya ba. Daga baya na cire lasifikar, na wanke randar na zuba ruwa. Da aka yi mini canjin wurin aiki na bar wa mai gidan ita.

Bara 'yata ta fari, wadda ke aiki a wani ɗakin ɗaukar sauti a Kano, ta tsinci kaset ɗin a akwatina. Ta saurara ta ce, "Baba, wannan ai kai tsaye aka ɗauka, bai bi ta akwatin lasifika ba. Yanzu akwai maganinsa." Ta dawo da wata 'yar na'ura kamar sabulun wanki, da maɓallin da masu jita ke takawa da ƙafa. Ta ce aikin na'urar ke nan, ta ara wa busasshen sauti cikin akwatin da bai samu ba, har mutum ya yi kiɗa da abin kunne maƙwabci bai ji ba. Ta haɗa rakoda da ita, ta sa mini abin kunne, tana murɗa wani ɗan maƙunni: ƙaramin akwati, babba mai lasifika huɗu, na bes. Na tambaye ta ko akwai randa a ciki. Ta yi dariya ta ce babu.

Ban so in yaba ba, amma na'urar ta yi aikinta. A akwati na biyar ko na shida sai bes ɗin ya cika, na ji yatsun mutumin nan kamar yana zaune a tabarmata, har na gane inda yake jan igiya da gangan don ya tsokane ni. Na rufe ido. Can sai jitata ta yi tuntuɓe, ta yi shiru na ɗan lokaci, bes na ta tafiya shi kaɗai.

'Yata ta ce, "Nan ka yi kuskure, Baba. In yanke wurin?"

Na ce ta bar shi, dariya nake a nan. Ta ce dariyar me? Na buɗe baki in rera mata, sai na tarar na riƙe maganar shanu da ta farar riga, amma baitin da ya sa hannuna ya suɓuce ya tafi. Na ce ta mayar da kaset ɗin baya. Ta mayar sau huɗu, ina ta sauraron wurin.