Talatu, Wadda Ta Auna Jikata Tana Da Rai

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, bayan azahar kaɗan, Allah Ya karɓi ran Hajiya Talatu Adama a gidanta da ke nan Jibiya, tana da shekara saba'in da ɗaya. Shekara talatin da wani abu ita ke wankan gawar mata a unguwarmu. Ni kuwa Ummaru, mai sayar da yadi a kasuwa, taubashinta ne, kuma a rumfata take yankar alawayyon likkafani.

Talatu, tun muna yara kike cewa za ki riga ni don kada ki ga ranar da zan yi hankali. To, kin cika alkawari.

Kowa ya san dokar aikinki: abin da mai wanka ta gani a jikin mamaci, da shi za ta shiga kabari. Kin riƙe wannan doka har kina ba ni haushi. Ki zo ki ce, “Yanko mini kamu kaza,” in tambaye ki mi ya kashe baiwar Allah, ki ce, “Kwana ya ƙare. Yanka, tsohon magulmaci.”

Shekara biyu da suka wuce na ga kin canza. Kin zo yankar yadi kin zauna a benci, ke da ba ki zama. Sai daga baya na san dalili. Cikin wata uku kin wanke 'yan mata biyu, dukansu da ciwo iri ɗaya a ƙugu: kumburi mai tauri kamar dutse, fata ta yi baƙi, ga huɗar allura nan da can. Iyaye suka ce zazzaɓi ne, mai yiwuwa iyakar abin da suka sani ke nan. Har yau ban san ko su waye ba, gawar da kika wanke a shekarar ta fi ashirin.

A lokacin ne allurar gyaran jiki ta shigo mana, ta ciko ƙugu da ta hasken fata. Mu muna cewa daga Maraɗi ake kawo ta, direbobin Maraɗi suna rantsuwa daga wajenmu take zuwa masu. Ita dai allurar ba ta nuna wa kowa fasfo ba. A jakar hannu take yawo, a ƙuryar ɗakin lalle ake yin ta, mai yi kuwa ba ta taɓa kwana ɗaya a makarantar jinya ba.

Kika ce in raka ki wurin limaminmu, Malam Badaruddeen. Kika durƙusa daga bakin zaure kika ce, “Allah gafarta Malam, an hana mai wanka faɗin abin da ta gani. To in abin da ta gani yana nan cikin jaka yana neman ɗiyan mutane fa?” Malam ya ce, “Ki rufe sunan, Hajiya. Ciwon kuwa ki faɗe shi.”

Daga nan kika je asibiti kika kwatanta wa Sista Mu'minat, ma'aikaciyar jinya, abin da idonki ya gani. Ta ce wani ruwa ne mai kama da mai ake sokawa, in ya shiga nama ba ya fita, sai ya ruɓe a ciki, wani lokaci ya bi jini. Kika koyi tambaya uku daga bakinta, kika dinga bin gidajen biki da su. Aka fara matsawa in kin zauna. Aka ce kina da baƙin baki. Wasu suka daina aiko maki da goron gayyata, kika ce ai sun huta da ke, ke ma kin huta da ankon.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban saba ba.

Jikata Safara'u, wadda ke taya ni tallan atamfa a waya, bikinta ya matso da Haruna direba, wanda ta zaɓa da kanta. Siririya ce tun haihuwa, duk gidanmu haka muke, kamar karan dawa. Ƙawaye suka ce ɗinki ba zai zauna mata ba, suka sama mata rana wurin mai allura, ranar Alhamis. Ban sani ba, uwarta ma ba ta sani ba. Ke kika ji, don a gidan biki ba abin da ke wuce kunnen wadda aka bari ita kaɗai a gefe.

Ranar Talata da hantsi kika shigo rumfa. Ba ki gaishe ni ba. Kika ce wa Safara'u ta miƙe tsaye, kika ɗora gwiwar hannunki a kafaɗarta kina awo, kamu ɗaya, kamu biyu, har ƙasa.

Ta yi dariya ta ce, “Iya Talatu, ɗinkin biki za ki yi mani?”

Kika ce, “A'a, ɗiyata. Na ji ranar Alhamis za ki wurin allura. Ni ce mai zuwa daga baya, gara in san yawan yadin tun yanzu. Ummaru, ajiye mani farin nan, kada ka sayar.”

Yarinya ta fashe da kuka, ta ce mugun fata kike mata. Ba ki lallashe ta ba. Kika ce, “Ban hana ki zuwa ba. Ki je ki tambaye ta abu uku. Ina takardarta ta aikin lafiya? Ina kwalin maganin da lambar hukuma a jiki? In ƙugu ya kumbura, ƙofar wa za a buga?”

Ta je, don taurin kai ta gada daga wurina. Mai allura ta fito da kwalba ba suna ba kwali, ta ce ai masu tambaya ba su yin kyau. Safara'u ta ɗauki mayafinta ta dawo. Sati guda ba ta yi maki magana ba, ni ma kwana biyu ina jin haushinki. Ki yafe mani wannan.

Bayan bikin ne Safara'u da kanta ta raka ki ƙofar mai unguwa. Aka tara masu kemis da masu lalle da Sista Mu'minat, aka yi magana ɗaya: ba a ƙara soka wa kowa allura a ɗakin kwalliya, kuma duk kwalbar da ba ta da kwali a kai rahotonta. Ma'aikatan hukumar magunguna suka zo suka kwashe abin da suka samu. Ba zan ce abin ya ƙare ba, jakar hannu ba ta da wuyar ɓoyewa. Amma yau ko jikokinmu na firamare sun haddace tambayoyinki uku.

Ranar Larabar nan, da labarin rasuwarki ya iso kasuwa, ina zaune na rasa abin yi, sai ga Safara'u da goyon ɗanta. Ta ce, “Kaka, yanko farin.” Na ce kamu nawa. Ta faɗa ba tare da tunani ba, ta riga ta auna ki da hannunta. Ita ta zuba maki ruwa wajen wankan gawa. Da ta fito, tsohon halina ya motsa, na ce, “Ya kika gan ta?” Ta dube ni da idonki sak, ta ce, “Kaka, ba a faɗi.”

Ya Allah, Talatu ta rufa asirin matattunmu, Ka rufa nata. Ta tsaya wa rayayyunmu lokacin da tsayuwar ba daɗi, Ka tsaya mata ranar da ba mai tsaya wa wani. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka gafarta mata tare da 'yan matan nan biyu da ta tafi da sunansu. Ina miƙa ta'aziyya ga ɗanta Abbas da 'yarta Zulfa, da dangi na nan da na Farfaru da na Maraɗi. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Yadin da kika ce in ajiye, Talatu, ban sayar ba. A ciki muka kai ki.