Tekun da Ta Riga Ni Gani

Ni ce na fara son teku, ba ita ba. Muna sakandaren 'yan mata a nan Potiskum malamin jogarafi ya ba mu labarin matuƙan jirgin ruwa na dā, masu ɗaura dalma a bakin igiya su zura cikin ruwa don sanin zurfinsa. Ya ce a wani wurin sai igiyar ta ƙare ba ta taɓa ƙasa ba. Na daɗe ina juya wannan magana a raina. Aminiyata, wadda muke zama benci ɗaya, gyangyaɗi take yi ranar.

Harhaɗa magunguna ta so karantawa. Jami'ar da ta ɗauke ta can Kudu ta ce babu gurbi, sai dai ilimin halittun teku. Ta zo gidanmu a Ngojin tana kuka, ni na lallashe ta. Ni kuwa na karanta jogarafi kusa da gida, na dawo ina koyarwa.

Da ta zo hutun wata babbar sallah, ta riga ta fara aiki a jirgin masu bincike. Muna zaune a tsakar gida, innata na suyar nama, ta ciro waya ta nuna mana bidiyo: ga ta da hijabi a ƙarƙashin rigar ceto, suna saukar da wata na'ura cikin ruwan da ba shi da gaɓa.

Inna ta ce, “'Yar nan, ba kya jin tsoro?”

“Wallahi Inna, amai ya fi damuna. Ga ƙarnin kifi. Ni fa da so samu ne, kantin magani zan buɗe.”

Na yi dariya tare da su. Da ta yi alfahari ma, da abin ya zo mini da sauƙi.

Shugabar makarantarmu ta ji labari, ta ce in gayyato ta. Ranar da ta zo, ɗalibaina, da nake fama da su kafin su ɗaga hannu, suka yi mata caa da tambayoyi. Aminiyata ta ce yanzu da amo ake auna zurfi, a tura shi ƙasa a jira dawowarsa. Na koya musu haka a zangon da ya wuce, amma suka saki baki kamar yau suka fara ji.

Wata ta juyo ta ce, “Malama, ke ma kin taɓa ganin teku?”

Na ce, “Ban taɓa ba.”

A cikin keke napep muna komawa ta dafa gwiwata. “Ki zo mana hutun nan, in kai ki bakin ruwa. Ke kika dace da wannan aikin.”

Na san har zuciyarta ta faɗa. Na ce sai na yi shawara da maigida. Shi bai hana ba, ni ce har yau ban sa rana ba.