Kunkurun Tafkin Ƙarshe

A gidanmu, can wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, wuta ba ta mutuwa da wuri. Sana'ar matan gidan turara shinkafa ce. Da magariba ake ɗora rabin durom na ruwa, idan ya yi zafi a juye shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta kwana a jiƙe, da safe a turara a shanya. Ɓuntun shinkafa ake zuba wa wutar, shi kuwa ba ya ci da harshe, a hankali yake ci yana ta hayaƙi. Hayaƙin nan shi ne maganin sauronmu, don wanda bai taɓa kwana a garin shinkafa ba labarin sauro kawai yake ji. A bakin wannan wuta kakarmu Iya take shimfiɗa buhu bayan sallar isha, ta miƙe ƙafafu, mu jikoki mu kewaye ta ta yi mana tatsuniya, kwaɗi kuma suna ta nasu daga bakin kanal.

Ina 'yar shekara tara ko goma a lokacin, farkon shekarun dubu biyu, wayar hannu ba ta shigo mana ba tukuna. Iya gajeriya ce, bakinta kullum ja da goro, ga tsokana kamar ba tsohuwa ba. Da ta ga na fara gyangyaɗi sai ta zungure ni da ɗan yatsan ƙafa.

"Dije, in barci kika zo yi, tashi ki ba masu kunne wuri."

Da kowa take wasa a gidan nan ban da mutum ɗaya, wato Babanmu. Shi ne ɗanta na fari, kuma Iya 'yar da ce, kunyar ɗan fari ta riƙe ta gam. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ya durƙusa gaishe ta, gefe take kallo ta ce "lafiya", shi ke nan an gama. Yana tsaye a tsakar gida za ta kira ni ta ce, "Je ki ce wa ubanku tuwonsa na hucewa." Sai in juya in faɗa masa, shi kuma ya ce, "Ce mata na ji." Mu dariya abin yake ba mu, su kuwa ko a jikinsu.

Mijinta, kakanmu, Malam Tsoho muke ce masa. Manya sun ce a zamaninsa babu mai haƙurinsa a duk layin kanal ɗinmu. In manoma suka kaure a kan ranar ban ruwa, shi ake kira ya raba, ya zauna a kan kunya ya saurari kowa har ya gaji don kansa. Ni ma na riski ƙarshen wannan halin, ina tuna yana dawowa daga gona da tumatir a aljihu ya miƙo mini yana cewa ga toshin amaryarsa. Amma a shekarun da nake ba ku labari Malam Tsoho ya canza. Miya ta yi gishiri, faɗa. Akuya ta shiga zaure, faɗa. Mu yi dariya da ƙarfi, ya ɗaga sanda. Da mun ji tarinsa a ƙofar gida sai kowa ya kama gabansa. Mutane suka ce ai tsufa ne, haka yake mai da mutum, ba a yi masa magani.

Gonarsa ta albasa ita ce ta ƙarshe a layin, daga ita sai daji. Wata rana da zafi ya fara, ya tarar da wani saurayi ya kafa injin ban ruwa a kanal, ɗan sama da gonarsa, sai kawai ya sa fartanya ya datse tiyon gida biyu. Magana ta kai gaban mai unguwa. Baba ya je ya ba da haƙuri, ya dawo fuskarsa a murtuke. A zaure suka zauna da ƙaninsa Baffa Sale suka yanke shawara: za a ba wani mutumin Kura hayar gonar, Malam Tsoho ya zauna a gida ya huta, kafin wata rana ya fasa wa ɗan mutane kai. Mai hayar zai zo bayan Juma'a.

Ina taya Umma kwashe shinkafa daga shanya na ji Iya tana ce mata, "Ranar da aka raba mutumin nan da gonarsa, a fara neman likkafani."

Umma ta ce, "To Iya, ki yi wa ɗan naki magana mana."

"Ni? Da wane bakin?"

Iya ta gwada ta hannun Baffa Sale, shi kuwa ya ce Yaya ya riga ya gama magana. Malam Tsoho da ya ji labari bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan. Ya shiga ɗaki, aka kai masa tuwo aka dawo da shi yadda aka kai.

Daren Laraba, Baba yana zaune a kan turmi a tsakar gida da 'yar rediyonsa. Iya ta ja buhunta ta sake masa wuri, ta ce wai hayaƙi na shigar mata ido. Inda ta koma kuwa ya fi kusa da turmin. Ta gyara murya, ta ɗaga ta fiye da yadda ta saba.

"To ga wata nan ta taso. Akwai masu tarbarta?"

Muka ce, "Mu ne, ta ƙaraso."

Ta ce a wani daji akwai idon ruwa a gindin dutse. Ruwan yana gangarowa ya cika tafki, in ya cika ya tumbatsa ya wuce na gaba, haka haka har tafkin ƙarshe. Kowace dabba da nata tafkin. Kurege ne a na farko, zomo a na biyu, su gada da bushiya a tsakiya, na ƙarshe kuwa wani tsohon kunkuru ne a ciki. Kunkurun nan da can mai sanyin hali ne, a bayansa 'ya'yan dabbobi suke hawa su yi wasa. Sai aka shiga wata shekara ta fari. Kurege ya ɗan tare bakin tafkinsa da laka, ya ce ɗan kaɗan ne, ba zai cuci kowa ba. Zomo ma ya tare ɗan kaɗan. Kowa ya tare ɗan kaɗan. Babu wanda ya yi niyyar mugunta, kuma babu wanda ya taka ya je ya ga abin da yake isa ƙarshe.

Kunkuru ya fara cizo. Ka gaishe shi ya harare ka, ka bi ta gabansa ya kama maka ƙafa. Dabbobi suka taru wurin zaki suka ce tsufa ya ɓata kunkuru, a ɗauke shi a kai shi kogo ya huta. Kurege ne kan gaba, yana ta zuba. Zaki ya ce ya ji, za a kai shi, amma tafkin ba zai zauna babu mai tsaro ba, sai kurege ya koma can, kunkuru kuma a ajiye shi a na farko kafin a share kogon.

Nan Iya ta tsaya ta tura ɓuntu cikin wuta. A lokacin na lura rediyon Baba ta yi shiru. Ban san sa'ad da ya kashe ta ba.

Kurege ya isa tafkin ƙarshe ya tarar babu komai sai busasshiyar laka da ta tsattsage. Ya jira ruwa da safe, shiru. Ya jira da yamma, shiru. Kafin a je ko'ina kurege, yaro ɗanye shakaf, ya ciji bushiya don ta yi masa sannu, bakinsa ya cika da ƙaya. Iya ta kwaikwayi kukansa, muka yi ta birgima a ƙasa. Da zaki ya zo zagaye ya ce, "A'a, kurege, yaushe ka tsufa?" Sai dabbobi suka sunkuyar da kai, kowa ya koma ya buɗe abin da ya tare.

Ƙanena Sani ya ce, "Iya, shi ke nan kunkurun ya daina faɗa?"

"Ina fa. Tsoho ne, gwiwa na ciwo, ido ya yi rauni, dole ya yi ƙorafi. Amma ƙorafin tsufa daban, cizon ƙishirwa daban. Wancan haƙuri ake yi da shi. Wannan kuwa tashi ake yi a je a duba." Ta karkaɗe zaninta. "Ta ƙare a nan. Wanda bai ji ba, ba ni na toshe masa kunne ba."

Baba ya miƙe ya ɗauki rediyonsa ya shige ɗaki.

Washegari ranar ruwan layinmu ce. Da na tashi Baba ba ya nan, fartanyarsa ma ba ta nan, alhali ya daɗe da barin gona ya koma sarin shinkafa. Daga baya Umma ta ba mu labarin abin da ya gani. Ya bi kanal da ƙafa tun daga babbar ƙofar ruwa. Ga injuna nan jere, kowa yana zuƙar ɗan kaɗan. Daga tsakiya zuwa ƙasa ciyawar kacalla ta cushe hanyar, don tun da matasan gidajen ƙarshe suka koma acaɓa da kasuwa babu mai yashewa. Abin da yake isa gonar Malam Tsoho bai fi a jiƙa ƙafa ba. Ashe shekara da shekaru yake zuwa ranar ruwansa ya tsaya a kan kunya yana jira, albasa na kwantawa a gabansa, ƙafar da zai taka zuwa sama ya yi magana kuma babu ita. Bai taɓa faɗa wa 'ya'yansa ba. Mutumin da ya saba a kawo masa ƙara, nauyin kai tasa yake ji.

Baba ya aika aka kira Baffa Sale, suka tattara samarin dangi suka shiga kanal da lauje da shebur. Masu injuna ma da aka zauna da su ba su yi gardama ba, wasunsu cewa suka yi wallahi ba su san abin ya kai haka ba. Wajen la'asar Malam Tsoho ya dogara sandarsa ya isa gonar, ya tarar ruwa na shiga. Kada ku zaci godiya ya yi. Cewa ya yi, "Wa ya aiko ku? Dubi yadda kuka tattake mini albasa." Amma da daddare ya cinye tuwonsa tas, har ya aiko a ƙaro miya, ya kuma ce gishirinta ya yi yawa. Mai haya ya zo bayan Juma'a, Baba ya ba shi haƙuri ya raka shi bakin titi. Malam Tsoho ya ci gaba da noman albasarsa har shekarar da Allah ya karɓi abinsa, da ƙorafinsa da komai, sai dai bai sake ɗaga wa kowa sanda ba.

Yanzu ina aure a Kano, ina da nawa 'ya'yan, kuma sau da yawa nakan ji ana cewa mutum in ya tsufa haƙurinsa ƙarewa yake. Ban ce ƙarya ba ne. Jiki in ya gaji, rai ma yakan gajarta, na gani a wurin tsofaffi da dama. Abin da na ƙi shi ne yadda muke saurin cewa "tsufa ne" mu kakkaɓe hannu, don kalmar tana hutar da mu. Da an faɗe ta babu sauran wanda zai tashi ya duba ko akwai abin da ya daina isa wurin tsohon, ko gaisuwa ce, ko shawarar da aka daina yi da shi, ko aikin da aka karɓe masa da sunan tausayi. Iya ba ta shiga aji ba, amma ta raba mini waɗannan biyun tun ina yarinya, kuma har yau ina gode mata.

Ita ma ta rasu, Allah ya jiƙanta. Baba ne tsohon gidan yanzu, gemu fari fat, kuma jikokinsa sun fara cewa Alhaji ya cika faɗa. Da na je gida hutun sallar bara, muna zaune ni da shi a tsakar gida bayan magariba, na tambaye shi ko ya tuna tatsuniyar kunkuru, ko ya gane a daren nan da shi ake.

Ya yi dariya kaɗan ya ce, "Tun daga tafki na biyu na gane."

Na ce, "Ba ka ji haushi ba, Baba? A gaban yara aka mai da kai kurege."

Ya murza carbinsa, sannan ya ce, "Haushi? Dije, tunda aka haife ni ban taɓa jin ta yi doguwar magana saboda ni ba sai a daren nan. Ina zaune a kan turmin nan ina roƙon Allah kada tatsuniyar ta ƙare."