Ranar da Na Ƙi Warkar da Tanko

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da Larabar da aka zaunar da ni gaban kwamiti saboda Tanko ba. Ku yaran da kuka shigo aikin rediyo bayanmu, ku saurara.

Ni daga Miga aka ɗauko ni, ma'aikaciyar wucin gadi, ina yi wa yara tatsuniya duk Asabar a wani gidan rediyo a Dutse. Ban taɓa shiga aji ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba. Ƙa'idar gidan ita ce duk sabon labari sai ka faɗe shi gaban kwamitin tacewa: manajan shirye-shirye, da furodusa, wato mai kula da shirin, da wani malamin adabi da ake gayyatowa daga kwaleji.

Labarina na ranar na Tanko ne, mutumin da jikinsa ya girma hankalinsa ya tsaya a yarinta. Aikinsa ɗebo wa tsofaffin unguwa ruwa, yara na binsa da tsokana. Da ciwo ya kwantar da shi, randuna suka bushe, sai gari ya gane wanda ke shayar da shi. Ya miƙe, ya koma rijiya, yana nan yadda yake.

Malamin mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Ya ce, "Iya, saƙon labari shi muke kira jigo, naki kuwa ya fito sarai. Wanda labari ke tafiya a kansa shi ne tauraro. To, tauraronki bai canja ba. Yadda ya shigo haka ya fita."

Na ce, "Malam, ai garin ne ya canja."

Manaja ya ce, "Yara na son farin ciki, Iya. Ki sa ya haɗu da wata tsohuwa a bakin rijiya ta ba shi magani, ya waye, a naɗa shi mai unguwa."

"Ranka ya daɗe, wace bokanya ce wannan? Ba ni kwatancen gidanta, da mun kai ƙanena."

Furodusa ya tuntsire da dariya, da ya ga fuskata ya haɗiye ta. Na gaya musu Tanko ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi furfura ya rasu bai iya ƙirga awakinsa ba, amma bai taɓa barin wata tsohuwa ta kwana da ƙishi ba. Na ce, "Gidajen da ake kunna ni, akwai irinsa zaune kan tabarma ɗaya da sauran yara. In na ce sai ya warke zai zama mutum, me na faɗa wa wanda ba zai warke ba?"

Manaja ya ce hukuncin kwamiti ke nan, in ban bi ba shirin ya bar hannuna. Na ce masa a gaban kowa ba zan bi ba. Ya ɗauka zafin tsufa ne, zan huce kafin Asabar.

Shirin kai tsaye ake yinsa. Da na zo wajen rijiya, furodusa ya manna fuska jikin gilashin da ya raba ɗakina da nasa yana yi mini alama da hannu, bakinsa na cewa "Iya, don Allah." Na juya masa ƙeya. Tanko ya ɗauki tulunsa, ya cika randuna, na rufe labarina.

Ranar Litinin aka karɓe shirin yara aka ba wata. Ni aka mayar da ni filin girke-girke, ina koya wa matan Jigawa miyar kuka da suka fi ni iyawa. A can na ƙare aikina. Ba wanda ya zo ya ce na yi daidai, ban kuma jira ba.

Abin da na gane shi ne, a wannan aiki masu son gyara maka labari ba mugaye ba ne. Yawancinsu tausayi ke sa su, shi ya sa ƙin su ke da wuya. Ku saurare su, ku ɗauki kalmominsu, suna da amfani. Amma in an kunna jan fitilar nan mai nuna shiri ya fara, bakinka ne a buɗe, ba na kwamiti ba. Don haka tun daga gida ka san abin da za ka iya rasawa. Ni shiri na rasa. Ƙanena dai ban yi masa ƙarya ba.