Ranar da aka ce mutuwar Yaya Sabo ƙarama ce

Shekara shida ke nan da rasuwar wana, Sabo mai awo, wanda 'yan kasuwar hatsi ta Gumel suka fi sani da Sabo Rediyo. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa. Duk shekara idan damina ta yi tsakiya, gero ya fara fitar da kai, nakan ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in sake ajiyewa. Bana kam na kasa ajiyewa. An sake yin wata mutuwar gidan sarauta a can ƙasar Turawa, kafofin watsa labarai suka lulluɓe mu da ita safe da yamma, har gardama ta kaure a majalisu da cikin wayoyi. Wasu na cewa abin ya yi yawa, wasu na cewa babban mutum ai sai babban makoki. Ni ma ina da abin faɗa a wannan gardama, kuma a gidanmu na samo shi.

Yaya Sabo mutum ne da ba a raba shi da rediyo. A jikin sandar rumfarsa yake rataye ta, ko a Gumel ko a Maigatari ranar Alhamis. Bai damu da filin siyasa ba, balle waƙe-waƙe. Abin da yake jira shi ne filin sanarwar rasuwa da ake yi bayan labaran rana. Da zarar mai karatu ya ce "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki," sai ya ɗaga hannu. Ko tiyar gero na cike a hannunsa, ko kai mai saye kana riƙe da bakin buhu, dole ka jira. Idan sunan da aka kira ya sani, ko ya san uban mamacin, ko kuwa ya taɓa shan ruwa a ƙofar gidan, sai ya miƙa wa maƙwabcinsa tiya ya hau babur. In ya samu jana'iza falillahil hamdu, in bai samu ba ya zauna a yi gaisuwa da shi. Mun sha yi masa tsiya cewa limaman ƙasar Gumel sun fi sanin fuskarsa da ta ladanansu.

Akwai ranar da ya ji an kira wani Garba mai gishiri a Gagarawa. Ya bar awo ya tafi yana ta jimami, ya isa ya durƙusa zai yi gaisuwa, sai ya ga Garban nasa zaune a kan tabarma yana tauna goro. Ashe wani Garban ne daban, shi ma gishirin yake sayarwa. Yaya Sabo bai tashi ba. Ya gama zamansa, ya yi wa mamacin addu'a, ya dawo yana ce mana ai wannan ma yana da haƙƙi a kansa tunda ya ji. A wurinsa jin sanarwa ɗaukar nauyi ne, shi ya sa ake rufe ta da cewa wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Muna da babbar yaya, Asabe. Ita ta goyi Yaya Sabo bayan rasuwar mahaifiyarmu, ni kuwa ina jariri aka miƙa ni ga wata gwaggo. Tana aure a wani ƙauye gaba da Sule Tankarkar, gidan masu dabbobi. Da damina ta kankama sukan kora garke su yi arewa, su tsallaka iyaka don kada dabbobi su shiga gonakin mutane. Can babu sabis ɗin waya, kuma ba su da zango ɗaya, yau suna nan, jibi sun tashi. Yaya Sabo ne ya saya mata ƙaramar rediyo, shi yake ba ta batir duk sanda suka haɗu a kasuwar Maigatari. Na sha jinsa yana ce mata, "Yaya, ko ina kike ki riƙa kunnawa da rana. In wani abu ya sami ɗayanmu, nan za ki ji." Ita kuma ta riƙe wannan magana. Saboda tattalin batir ba ta kunnawa sai lokacin sanarwa, ana gamawa ta kashe ta naɗe a zane.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya ɗauke shi, da hantsi. A daidai wannan rana wani babban sarki ya rasu a wata masarauta mai nisa da mu. Ba zan ambaci sunansa ba, kuma ba ni da wata magana a kansa sai ta alheri. Allah ya jiƙansa shi ma. Bai san Sabo ba, bai hana kowa komai ba, yana kwance cikin likkafani irin na wana. Maganata da masu rai ce.

Tun kafin a gama yi wa Yaya Sabo wanka na nufi shagon wakilin gidan rediyon da ake kamawa har ƙetaren iyaka, wanda yake karɓar sanarwa a garinmu ya aika musu ta waya. Ya san Yaya Sabo, har ya share hawaye. Ya kira su a gabana, ya buɗe murya ina ji. Wanda ya ɗauka ya ce an dakatar da duk shirye-shirye sai an gama makokin mai martaba. Wakilin ya ce masa ai sanarwar rasuwa ce, kuma akwai 'yar uwar mamacin a daji, ba ta da wata hanyar ji. Sai muryar ta ce, "Malam, ka fahimta mana. Yau ba ma karanta ƙananan sanarwa."

Ƙananan. Na yi shekara talatin da wani abu ina koyar da yara a firamare, na san ma'anar kalmar nan. Akwai ƙaramin kwano, akwai ƙaramar hukuma. Ban taɓa sanin akwai ƙaramar mutuwa ba sai ranar. Ban zagi kowa ba, gawa na jirana. Na gwada wata tashar, amsar dai ita ce, sai dai su sun fi iya lafazi. Muka ba wasu makiyaya saƙo a bakin iyaka, suka yi iya ƙoƙarinsu ba su gano inda garken ya yada zango ba.

Bayan la'asar muka kai shi. Mutumin da ya cika sahun jana'izar mutane daga Gagarawa har bakin iyaka, 'yan unguwa ne da 'yan rumfarsa kawai suka sallace shi. Ina dawowa daga maƙabarta na ji rediyon wani mai shayi, ana hira da wani tsohon ma'aikaci yana ba da labarin yadda ya taɓa gaisawa da marigayi sarki a filin jirgi. Washegari na sake jin hirar nan, jibi ma haka. Akwai lokacin maimaita ta, amma babu na kiran sunan wana da sunan garinsu. Muka yi zaman makoki muka yi sadakar uku, ina duban ƙofa duk sanda na ji tsayuwar babur.

Don kada in zalunci 'yan rediyon, sun karanta sanarwar daga baya. Da suka koma shirye-shiryensu sai suka tattara duk sanarwar da ta taru suka zazzage ta a zama ɗaya, mai karatun na gudu kamar ana korarsa. Amma a lokacin rediyon Yaya Asabe ta riga ta mutu. Ranar farko ta kunna da rana kamar kullum, ba ta ji sanarwa ba. Ta ce bari wannan mai jawabin ya gama, wataƙila sai a yi. Ya gama wani ya ɗauka. Haka ta bar ta a kunne tana jira, yini bayan yini, har batirin da Sabo ya ba ta ya ƙare ƙaf.

Sai bayan makonni ta shigo Maigatari ranar kasuwa, da man shanu a ƙwarya ta kawo masa, da rediyon a ƙunshe don ya sa mata batir. Ta iske wani a rumfarsa, maƙwabcinsa da yakan bar wa tiya. Mutumin ya miƙe da ladabi, ya ɗauka zuwanta na bayan makoki ne, ya ce, "Yaya Asabe, sannu da hanya. Ya ƙarin haƙuri?"

Ta ce, "Haƙurin me?"

A tsakiyar kasuwa ta ji, tsakanin buhunan gero, a bakin wanda ya zo yi mata gaisuwa. Shi wannan bawan Allah har yau in ya gan ni sai ya ce da ya sani da ya ja ta gefe. Da aka kawo ta gida ba ta yi kuka mai ƙarfi ba. Ta zauna a ƙofar ɗakinsa, ta ce da ni, "Auta, ni da na goye shi, a kasuwa zan ji?" Na yi mata bayani, ta saurara, amma ta daɗe ba ta sake kallon idona sosai ba.

Shi ya sa idan na ji masu kare wannan ɗabi'a raina yake ɓaci. Suna cewa girmama sarauta al'adarmu ce. Wa ya ce ba ita ba ce? Yaya Sabo da kansa in ya ji rasuwar basarake yakan cire hula ya yi addu'a. Amma a wace al'adar tamu aka taɓa hana shelar mutuwar talaka saboda an yi ta sarki? A maƙabarta ana jera gawa biyu a sallace su tare, liman bai taɓa tambayar wace ce babba ba. Wannan rabe-raben a ofis aka ƙirƙire shi, a wurin mutanen da suke tsoron kada wani babba ya kunna rediyo ya ji ana kiran sunan mai awo a ranar da ya kamata a ce kowa ya yi tsit. Neman suna ne a wurin masu rai aka lulluɓe shi da rigar ladabi.

Wasu kuma, musamman yaranmu masu manyan wayoyi, cewa suke in abin ya ishe ka ka murɗa wata tashar, ko ka kashe. Wannan maganar wanda yake zaune a gari ce, mai tashoshi barkatai a aljihu. Matar da ke bayan garke tasha ɗaya take kamawa, ita ma sai ta ɗaga eriya ta juya ta gabas. Ba nishaɗi take nema ba. Rediyon nan ita ce ɗan aikenta. In ka tsayar da ɗan aike a fada ya yi kwanaki yana jin jawabai, saƙon mutane fa? Ban ce kada a yi makokin sarki ba, a yi, a karanta Alƙur'ani, a faɗi tarihinsa. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda yini guda cur zai rasa ɗan lokacin da za a kira sunayen sauran bayin Allah da suka rasu a ranar.

Na ji an ce a can ƙasar Turawan ma jama'a sun yi ƙorafi, wai an ɗauke musu wasanni da shirye-shiryen da suka saba kallo. Ban raina ƙorafinsu ba, kowa da abin da ya dame shi. Amma na yi murmushi mai ɗaci da na ji tashoshinmu suna ba da labarin wannan ƙorafi da zumuɗi, har da gayyato masana su yi sharhi, alhali ban taɓa jin ɗayansu ta zauna ta tambayi kanta abin da ta yi mana ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya Sabo zai ce da ya ga yau. Yanzu kafin a rufe idon mamaci hotonsa ya zaga wayoyi. Ina jin da farko zai yi murna, ya ce labari ya yi sauri. Daga baya zai lura cewa mutum yana rubuta "Allah ya jiƙansa" da babban yatsa, yana kishingiɗe, ya wuce zuwa hoton gaba, sai ya ce wannan ai an ji ne ba a ɗauki nauyi ba. Kuma zai tambaya, su Yaya da ba su da wayar fa? Har gobe sabis bai kai inda suke kiwo ba.

Abin da ya bari ba dukiya ba ce. A rumfunan hatsi na Gumel akwai mutum biyu ko uku da har yanzu suke tsayar da awo in an fara sanarwa, kuma sukan ce daga wurinsa suka koya. Akwai gidaje a Gagarawa da Sule Tankarkar da in na faɗi sunana ba a gane ni, in na ce ƙanin Sabo Rediyo sai a shimfiɗa mini tabarma, a ce ya zo mana lokacin rasuwar baba. Wasunsu sai a bakina suke jin ya rasu, bayan shekara shida.

Yaya Asabe ta tsufa yanzu, ta daina bin garke. Makon jiya na je gaishe ta. Muna zaune a inuwar ɗakinta sai ta faɗa mini abin da ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce a kwanakin nan da ta bar rediyo a kunne, da ta ji ana ta maganar sarkin, tausayi ya kama ta. Ta ce mutum ne shi ma, yana da 'yan uwa. Ta dama fura da nono mai yawa ta raba wa makiyayan da ke kusa sadaka, kuma duk sallar da ta yi sai ta roƙa masa gafara da sunansa.

"Ka ga, Auta," in ji ta, "kwanakin da ya kamata in yi wa Sabo, wani na yi wa. Kai da ka yi karatu, wannan addu'ar tana iya juyawa ta je masa?"

Na ce mata Allah ya san zuciyarta, kuma addu'a ba ta da ranar rufewa, ta ci gaba da yi masa.

Ta ce, "Ina yi. Amma ta farkon nake tambaya."