Numfashin da ya riƙe a Bahar Maliya

Abokin ɗakina a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira ɗan masunta ne daga bakin kogin Kwara, kuma ya ishe mu da labarin nutso. Ni kuwa ɗan tudu ne, ko kududdufi ban taɓa shiga ba. Da muka gama jarrabawa na aro kyamarar ruwa wurin wani Basudane, muka hau bas daga Alƙahira zuwa gaɓar Bahar Maliya, don in ɗauki hoton murjani, shi kuma ya nuna mini iyakata.

Mai koya mana nutso a teku Bamisire ne, ba ya wasa. Ya goya mana tukunyar iska, ya sa mana bututu a baki, ya yi ta nanata magana ɗaya: kada wanda ya riƙe numfashi a ƙasa. In mutum ya haura sama da iska cike da ƙirji, za ta kumbura ta fasa masa huhu. Ya ce kowa ya sa ido a kan ɗan'uwansa. Ni tsoro ya sa na haddace. Mutumina kuwa murmushi ya yi.

"Malam, tun ina shekara biyar nake shiga ruwa," in ji shi.

"Tamam," in ji Bamisiren. "Irinku ne ke ba ni tsoro. Yalla, mu je."

A rana ta uku muka sauka kan murjanin. Wani ja, wani kamar farin kabeji, ƙananan kifaye rawaya suna shige da fice a tsakani. Sai ga kunkurun ruwa, babba kamar faranti, yana tsinkar ciyawa hankali kwance. Na manna ido a kyamara, na yi ta dannawa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, kuma wannan ne abin da har yau ke cina.

Da na waiga, ruwa ya cika wa mutumina gilashin fuska, ya firgita. Na duba saman kansa, babu kumfa ko ɗaya. Ya ƙulle ƙirji yadda babansa ya koya masa a kogi, ya harba ƙafa ya yi sama. Na kai hannu, takalmin roba kawai na shafa. Bamisiren ya wuce ni ya cafke shi a ƙugu, yana danna masa ciki, amma sun riga sun haura da nisa. Dole na bi su a hankali, ina ƙirga numfashina.

A cikin jirgin ruwan da ya kawo mu na tarar da mutumina kwance, an rufe masa hanci da robar iska, yana tari da ɗan jini. Har muka isa asibiti hannuna na kan ƙirjinsa, ina jin yana ɗagawa da ƙyar.

Ya kwana huɗu a gado. Likita ya ce huhun ya tsage kaɗan, zai warke, amma nutso ya ƙare masa.

"Har a kogi, likita?"

"Ma'alish, sai haƙuri, har a kogi."

Da likitan ya fita, abokina ya juyo gare ni, muryarsa can ƙasa.

"Mutumina, ka ga lokacin da abin ya fara?"

Na ce ban gani ba. Bai tambaye ni inda nake kallo ba, ya mai da fuskarsa bango.